Mazurarin Madafa da Mazurarin Ɗakin Gwaje-gwaje: Matsala ga Mai Tsara Ƙamus

1.0 Gabatarwa

Tara kalmomi shi ne mafi sauƙi daga cikin ayyukan mai tsara ƙamus. Wahalar tana zuwa ne sa'ad da aka zo yanke hukunci a kan kowace kalma: ma'ana nawa gare ta, wacce za a fara kawowa, kuma a wane matsayi ne ma'anoni biyu suka yi nisa da juna har ya wajaba kowace ta sami gurbi nata na kanta. Sau da yawa kalmar da ake ganin ba ta da wata rikitarwa ita ce take tsayar da aiki.

Wannan maƙala za ta ɗauki kalma guda daga cikin irin waɗannan, watau mazurari. Kowa ya san shi a hannun mai sayar da man gyaɗa da mai sayar da kalanzir. To, amma ɗalibin kimiyya yana gamuwa da wasu kayan aiki masu yawa waɗanda su ma da wannan suna ake kiransu, alhali kuwa yawancinsu ba aikin mazurarin gida suke yi ba. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a ƙamus na gama-gari kalmar tana iya zama ƙarƙashin kai guda, amma a kundin ilmi da ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi tilas ne mazurarin ɗakin gwaje-gwaje ya sami bayani nasa dabam, domin ma'anar da ta wadatar da na madafa tana ɓatar da mai neman sanin na kimiyya, har ma tana iya jefa shi cikin haɗari.

2.0 Ƙirar kalmar da abin da take ɗauke da shi

Mazurari suna ne na kayan aiki, wanda aka gina daga aikatau zurara ta hanyar ɗafa ma- a farko da -i a ƙarshe. Wannan ita ce ƙirar da ta ba mu mabuɗi daga buɗe, da magirbi daga girba, da ma'auni daga auna, da madubi daga duba. Jam'insa mazurarai, kamar yadda ake cewa mabuɗai. A bakin wasu mutane kuma akan ji bututu, ko da yake wannan kalma ta fi faɗi, domin ta haɗa har da duk wani dogon abu mai rami wanda ruwa ko iska ke bi ta cikinsa.

Wannan ƙira tana da wata fa'ida wadda harsuna da yawa ba su da ita, watau sunan yana faɗin aikin abin tun kafin a gan shi. Yaron da bai taɓa ganin masassabi ba, in ya san sassabe, ya san abin da ake yi da shi. Sai dai fa'idar tana tafe da nata sharaɗi. Da zarar an ce mazurari, zuciyar Bahaushe ta riga ta yanke cewa abin zurara ruwa ne daga babban mazubi zuwa mai ƙaramin baki, ba tare da ya tsaya ko ya sauya ba. Idan aka miƙa masa wani abu wanda aikinsa shi ne ya riƙe ruwa, ko ya raba shi biyu, ko ya hana shi komawa baya, aka kuma ce masa sunansa mazurari, to sunan da kansa ya koya masa abin da ba daidai ba.

3.0 Mazurarin gida da na kasuwa

Mazurarin da aka saba da shi sassa biyu gare shi: baki mai faɗi wanda yake tsukewa zuwa ƙasa, kamar jinkar ɗaki da aka juya, da kuma wutsiya wadda ake zurawa a bakin kwalba ko jarka. Masu sana'ar gwangwani suna ƙera shi, akwai kuma na roba wanda ya cika kasuwanni a zamanin nan. Inda babu ko ɗaya, sai a yanke kan gorar roba a kifa shi, ko a naɗe takarda mai kauri, buƙata ta biya.

Wannan sauƙin musanyawa shi ne babbar alamar mazurarin gida. Ba a damu da yawan faɗin bakinsa ba, ko tsawon wutsiyarsa, ko irin abin da aka ƙera shi da shi. Abu biyu kawai ake nema gare shi: kada ya yi yoyo, kuma wutsiyarsa ta shiga bakin kwalba ta bar 'yar kafa inda iska za ta fita, domin in iskar cikin kwalba ba ta sami mafita ba, mai zai tsaya yana kumfa a sama. Ka'ida guda da ake kiyayewa ita ce kowane ruwa da nasa mazurari. Ba a zuba manja da na kalanzir. Mai hankali kuma ba ya haɗa na fetur da na kalanzir, saboda fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko a cikin sanyi mai tsanani, shi kuwa kalanzir sai zafinsa ya kai wajen digiri 38 a ma'aunin Salshiyos, don haka kalanzir da ya gauraya da fetur yana iya fashewa a cikin fitila ko risho.

Duk wannan bayani jimla biyu ko uku sun ishe shi a ƙamus, kuma mai karatu ba zai rasa kome ba.

4.0 Mazuraran ɗakin gwaje-gwaje

A ɗakin gwaje-gwaje al'amarin ya sauya. Abin da ake kira da wannan suna dangi ne mai rassa, kowane reshe da aikin da aka ƙera shi dominsa. Ga mafi shahara daga cikinsu.

4.1 Mazurarin tata

Wannan shi ne ya fi kama da na gida a ido, amma ƙirarsa a kan lissafi take. Kusurwar bakinsa digiri 60 ce. Dalili kuwa shi ne, takardar tata zagayayya ce, kuma idan aka ninka ta biyu, aka sake ninkawa, sa'an nan aka buɗe ta yadda ninki uku za su koma gefe guda, ɗaya kuma ya koma ɗaya gefen, da'irar bakinta takan zama rabin da'irar takardar ta asali. Siffar da ke fita daga wannan ninki kusurwarta digiri 60 ce daidai. In mazurari ya fi haka faɗi ko tsukewa, takarda ba za ta manne da gilashi ba, iska za ta shiga tsakani, tata ta yi jinkiri, wani lokaci ma takardar ta yage.

Wutsiyarsa ma da manufa aka tsawaita ta. Ruwan da ya cika wutsiya yana jan na sama da nauyinsa, sai tata ta yi sauri. An kuma yanke bakinta a karkace domin a jingina shi da bangon mazubi, ruwa ya gangara ba fantsama. Idan kuwa ruwa mai zafi za a tace, wanda abin da aka narkar a cikinsa yake daskarewa da zarar ya huce, sai a nemi mai gajeriyar wutsiya ko marar wutsiya, in ba haka ba ƙwayoyi su toshe hanya. Ita kanta takardar aji-aji ce: ta kamfanin Whatman mai lamba 1 tana tare ƙwayar da girmanta ya kai maikiromita 11, mai lamba 42 kuwa tana tare har ta maikiromita 2.5. Maikiromita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita.

4.2 Mazurarin zuƙa

Wannan galibi da tangaran ake yin sa. Bakinsa a miƙe yake kamar kofi, a cikinsa kuma akwai shimfiɗaɗɗen faranti mai ƙananan huji, kamar gindin madambaci. A kan farantin ake shimfiɗa takardar tata ba tare da ninki ba, a jiƙa ta, a dasa mazurarin a bakin kwalba mai kauri wadda take da hanci a gefe, a haɗa hancin da famfon da ke zuƙe iska. Da iskar cikin kwalba ta ragu, sai nauyin iskar waje ya danna ruwan ya ratsa takarda da ƙarfi. Tatar da za ta ci sa'a guda takan ƙare cikin 'yan mintoci, abin da ya saura a kan takarda kuma ya fito kusan a bushe.

Ana jingina shi ga Ernst Büchner, wani masanin haɗa sinadarai na ƙasar Jamus, wanda ya bayyana ƙirarsa a shekarar 1888. A nan ma akwai tarko ga mai tsara kundi, domin sau da yawa akan rikita shi da Eduard Buchner, wanda ya sami lambar Nobel a 1907 saboda bincikensa a kan yis. Mutum biyu ne dabam. Akwai kuma ƙaramin ɗan'uwansa mai karkataccen bango, wanda ake jinginawa ga Hirsch, domin tace abu kaɗan. Wani iri kuma ba ya buƙatar takarda sam, saboda farantinsa garin gilashi ne da aka gasa har ya manne ya bar ƙofofi ƙanana.

4.3 Mazurarin rarrabewa

A nan ne sunan ya fi nisa da aikin. Siffarsa kamar gora ce da aka kifa, da marufi a sama, da ɗan famfo a ƙasa wanda ake murɗawa a buɗe ko a rufe. Ana zuba masa ruwa iri biyu waɗanda ba sa gauraya, kamar ruwa da mai, a rufe, a girgiza, a ajiye har su kwanta, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. Sa'an nan a cire marufi, a buɗe famfo, na ƙasa ya tsiyaye, a rufe daidai lokacin da iyakar da ke tsakaninsu ta iso famfon.

Mai aiki da shi tilas ya san wanne ne zai hau sama. Lita guda ta ruwa kilo ɗaya ce, ta kalanzir kimanin giram 800, don haka kalanzir yana hawa kan ruwa. Lita guda ta kulorofom kuwa ta kusa kilo ɗaya da rabi, don haka shi a ƙarƙashin ruwa yake kwanciya. Ɗalibin da ya ɗauka cewa ruwa kullum a ƙasa yake zai zubar da abin da ya wuni yana nema. Har wa yau, yayin girgizawa tururi yana taruwa a ciki, saboda haka ake juya shi a buɗe famfo lokaci-lokaci, ana fuskantar da wutsiya inda babu mutum. In an manta, marufi yana iya tsalle, abin da ke ciki ya watsu a fuska.

4.4 Mazurarin ɗigo da mai doguwar wutsiya

Mazurarin ɗigo shi ma famfo gare shi, amma aikinsa shi ne sakin ruwa ɗigo-ɗigo cikin wani haɗi wanda zai yi zafi ko ya tafasa idan aka zuba masa gaba ɗaya. Watau an ƙera shi ne domin ya jinkirta zuba, akasin na gida wanda ake so ya gaggauta ta.

Mai doguwar wutsiya kuwa duk wanda ya yi karatun kimiyya a sakandare ya gan shi a zanen haɗa iskar haidirojin, inda ake zuba asid a kan tutiya a cikin rufaffiyar kwalba. Sharaɗinsa shi ne bakin wutsiyar ya nutse cikin ruwan da ke kwalbar. In bai nutse ba, iskar da ake son tarawa za ta bi ta cikinsa ta fice ɗaki, ita kuwa haidirojin tana kama wuta idan ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wuri. A nan mazurari ƙofa ce ta shiga, kuma marufi ne a lokaci guda.

4.5 Kifaffen mazurari

Akwai iskar da ruwa yake shanyewa da gaggawa ƙwarai, kamar amoniya, wadda mudu ɗaya na ruwa yake iya shanye ɗaruruwan mudu nata. Idan aka tura ta cikin ruwa ta siririn bututu, ruwan yakan shanye ta da sauri har ya biyo bututun a guje ya faɗa cikin kwalba mai zafi, ta fashe. Maganin wannan shi ne a ɗaura mazurari a bakin bututun a kife, bakinsa yana ɗan taɓa saman ruwa. Da ruwa ya fara hawa cikinsa, sai na waje ya ja baya, iska ta shiga, ruwan ya koma. Babu abin da ake zurarawa a nan ko kaɗan.

4.6 Na sauran fannoni

Masu nazarin halittu suna da nasu. Akwai wanda Baermann ya bayyana a 1917, inda ake jiƙa ƙasa ko bayan gida a kan ƙyalle cikin ruwa mai ɗumi, 'ya'yan tsutsa su ratso su taru a wutsiya, a ɗebe su a duba da madubin ƙara girma. Akwai wanda Berlese na ƙasar Italiya ya ƙirƙira a 1905, Tullgren ya gyara a 1918, wanda zafin fitila yake korar ƙananan ƙwarin ƙasa su faɗa cikin kwalba. Masu haƙar rijiyar burtsatse da ta man fetur kuma suna auna kaurin taɓon haƙa da mazurarin Marsh: ruwa zalla mililita 946 yana fita daga cikinsa a daƙiƙa 26, kuma gwargwadon yadda taɓo ya wuce wannan lokaci, gwargwadon kaurinsa ke nan. Wannan ma'auni ne sosai, kamar sikeli.

5.0 Ma'aunai uku na rabawa

Bayan wannan zagaye, muna iya kawo tambayoyi uku waɗanda mai tsara kundi zai yi wa kowace kalma mai irin wannan hali.

Ta farko, shin ma'ana guda tana rufe dukkan abubuwan da ake kira da sunan? Idan aka ce mazurari abu ne mai faɗin baki da siririyar wutsiya wanda ake zuba ruwa da shi cikin ƙaramin baki, wannan ya dace da na madafa ɗari bisa ɗari. Amma daga cikin waɗanda muka lissafa, wani tata yake yi, wani rarrabewa, wani jinkirtawa, wani tarewa, wani awo. In kuwa aka faɗaɗa ma'anar domin ta haɗiye su duka, sai ta koma abu mai baki da wutsiya, wanda ya haɗa har da buta da kakaki, ba ta kuma koya wa kowa kome ba.

Ta biyu, shin ana iya musanya ɗaya da ɗaya? Mazurarin gilashi na tata zai zuba man gyaɗa lafiya lau, amma na madafa ba zai shiga gurbinsa ba. Gilashin ɗakin gwaje-gwaje na musamman ne, mai sinadarin boron, wanda Otto Schott ya inganta a birnin Jena na Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, kamfanin Corning na Amurka kuma ya fitar da irinsa da sunan Pyrex a 1915. Buɗewar da yake yi in ya ji zafi kimanin sulusin ta gilashin kwalba ce, shi ya sa ba ya tsagewa idan aka zuba masa tafasasshen ruwa. Na gwangwani kuwa asid yana cinsa, ya gurɓata abin da ake gwadawa. Na alminiyam soda tana cinsa, abin da mata masu haɗa sabulu suka sani sarai, tun da ba sa jiƙa soda a tukunyar alminiyam. Wasu robobi suna narkewa a cikin wasu sinadarai, akwai kuma asid guda, na fulorin, wanda gilashi yake ci, sai a roba ta musamman ake sarrafa shi. Saboda haka abin da aka ƙera mazurari da shi, wanda ba ya cikin ma'anar na gida, ginshiƙi ne a ma'anar na kimiyya. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Ta uku, shin masu neman bayanin da tambaya iri ɗaya suke zuwa? Wanda ya buɗe ƙamus a kan mazurarin gida, yawanci baƙon harshe ne ko mai neman daidaitaccen rubutu ko jam'i. Wanda ya nemi na kimiyya kuwa ɗalibi ne da jarrabawa ke gabansa, ko malamin da zai fassara darasi, ko ma'aikacin asibiti, ko mai fassarar takardar gargaɗi. Shi ya riga ya san kalmar, abin yake son sani: wanne zai ɗauka, yaya zai riƙe shi, me zai guje wa. Idan aka cusa amsarsa a ƙarshen bayanin kayan girki, ko dai ta yi gajarta har ta rasa amfani, ko ta yi tsawo har ta danne ma'anar asali.

6.0 Hujjar masu ja

Akwai masu ganin cewa wannan rabawa ɓata takarda ce, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Suna cewa in aka buɗe wannan ƙofa ba za ta rufu ba: gobe a ce cokalin likita dabam da na shan kunu, jibi a ce almakashin tela dabam da na asibiti. Suna kuma cewa haɗa ma'anoni wuri guda yana nuna wa mai karatu zaren da ya ɗaure su, ya ga cewa kimiyya ba baƙuwa ba ce ga rayuwarsa, tun da macen da take tace gasara da ƙyalle, ko take tsiyayar ruwan toka ta tukunya mai huji, aikin da take yi shi ne na mai mazurarin tata.

Amsar ta farko ita ce, ma'aunan nan uku su ne suke rufe ƙofar. Cokalin likita bai fita daga ma'anar cokali ba, ɗiba yake yi kamar kowane cokali, don haka layi guda ya ishe shi. Mazurarin rarrabewa kuwa ya fita daga ma'anar zurarawa gaba ɗaya. Amsar ta biyu ita ce, rabawa ba ta hana nuni. Kowane bayani yana iya ƙarewa da tura mai karatu zuwa ga ɗan'uwansa, zaren ya kasance a bayyane.

Daɗin daɗawa, harshen Hausa da kansa ya saba da irin wannan rabawa a duk inda sana'a ta buƙace ta. Bahaushe bai kira aska wuƙar wanzami ba, ya ba ta suna nata. Ya raba allura da basilla. Manomi ya raba fartanya da garma da sungumi, ko da yake duk ƙarfe ne a kan ƙota. Daga duma guda aka fitar da ƙwarya da ƙoƙo da masaki da ludayi da gora da shantu. Inda kuma harshen ya riƙe kalma guda ga abu biyu, kamar allura ta ɗinki da allura ta likita, babu mai tsara kundin kiwon lafiya da zai yarda ya sa bayanin rigakafin ƙyanda a ƙarƙashin kayan tela. Matsayin mazurari bai bambanta da wannan ba.

7.0 Yadda ya kamata a tsara

Wajibi ne a tuna cewa littattafan bincike iri-iri ne. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 an yi su ne domin mai neman Hausa ta hanyar Turanci. Ƙamusun da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano ta fitar a 1977 ya ƙara shigo da kalmomin zamani, sa'an nan Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya bayyana Hausa da Hausa. Dukkansu kalma suke bayyanawa, kuma a irinsu kai guda ya wadatar, a jera ma'anoni da lambobi: ta ɗaya ta gida, ta biyu ta kimiyya tare da nuni. Kundin ilmi da ƙamusun fanni kuwa abu suke bayyanawa, kuma a nan ne rabawa ta wajaba. Wannan tsari tsoho ne a ilmin kimiyya, domin Abubakar al-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya keɓe sashe guda na littafinsa Kitab al-Asrar ga kayan aiki kaɗai, dabam da sashen sinadarai da na hanyoyin sarrafa su.

Ga misalin yadda bayanan biyu za su iya kasancewa:

mazurari (namiji, jam'i mazurarai): abu mai faɗin baki da siririyar wutsiya, na gwangwani ko roba, wanda ake zuba mai ko wani ruwa da shi cikin kwalba ko jarka. Dubi kuma mazurarin gwaje-gwaje.

mazurarin gwaje-gwaje: sunan dangin kayan aikin kimiyya, na gilashi mai jure zafi ko tangaran ko roba mai jure sinadari, waɗanda ake tata ko rarrabewa ko ɗigawa ko awo da su. Ba a amfani da su ga abinci. Ire-irensa: na tata, na zuƙa, na rarrabewa, na ɗigo, na gari, mai doguwar wutsiya.

Daga nan kowane iri ya sami nasa bayani, da zane, da gargaɗin da ya dace da shi.

Dangane da laƙaba sunaye, shawararmu ita ce a bi aiki, a bar fassarar baƙon suna kalma da kalma. Turawa sun sa wa mai doguwar wutsiya sunan wani fure mai ƙaya na ƙasarsu saboda kamar da kansa ya yi da shi, furen da ɗalibin Katsina ko Damagaram bai taɓa gani ba. Sunan mutum kuma, irin su Büchner, yana da kyau a ambace shi cikin bayani domin ɗalibi ya gane shi a littafin wani harshe, amma mazurarin zuƙa ya fi saurin zama a ka. Haka nan a yi hattara da sha'awar ƙirƙiro kalma guda ta hanyar ɗafa ma-. Daga ɗiga za a sami maɗigi, wanda ya yi kusa ƙwarai da maɗiga ta kan jariri, daga rarraba kuma a sami mararrabi, wanda kunne zai kai wa mararraba ta hanya. Harɗaɗɗen suna mai kalma biyu ya fi aminci, kuma shi ne hanyar da harshen ya bi a jirgin ƙasa da jirgin sama da jirgin ruwa.

8.0 Kammalawa

Manufar ilmi ta Nijeriya ta 1977 ta tanadi koyar da yara da harshen uwa a farkon firamare, a 2025 kuma Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ko mene ne matsayin hukuma a kowane lokaci, malamai da yawa a ƙasar Hausa da Hausa suke warware wa ɗalibai abin da ya shige musu duhu, ma'aikatan lafiya da na gona kuma da ita suke yi wa jama'a bayani. Waɗannan mutane suna buƙatar littafin da za su buɗe su tarar da bayani daidai da abin da ke hannunsu.

Mun ga cewa mazurarin madafa abu guda ne mai aiki guda, na ɗakin gwaje-gwaje kuwa dangi ne wanda kusurwarsa da wutsiyarsa da abin da aka ƙera shi da shi duk suna cikin ma'anarsa. Ma'aunan da muka kawo ba ga mazurari kaɗai suka tsaya ba. Ana iya gwada su a kan kwalba da murhu da ma'auni da madubi da gishiri, waɗanda kowannensu yake da fuska guda a gida, wata kuma a ɗakin gwaje-gwaje. Muna fata masana harshe da malaman kimiyya za su zauna tare a kan waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, domin masanin harshe shi ya san abin da kunnen Bahaushe zai karɓa, malamin kimiyya kuma shi ya san inda kuskuren suna yake zama rauni a hannun ɗalibi.